Jirgin Ranger na Amurka: kuskuren ƙira ne, ko kuwa ya biya kuɗinsa?

Tsohon Malami:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tattauna kan wani jirgin ruwan yaƙi na Amurka mai dakon jiragen sama wanda ba a cika ambatonsa ba, wato USS Ranger mai lamba CV-4. Duk wanda ya karanta tarihin Yaƙin Duniya na Biyu ya san Enterprise da Yorktown da Lexington, domin su ne suka gwabza da Japan a Tekun Fasifik. Ranger kuwa shi kaɗai ne cikin manyan jiragen dakon da Amurka ta mallaka kafin yaƙi wanda bai taɓa karawa da Japanawa ba, shi ya sa marubuta sukan sallame shi da layi biyu, su ce ƙarami ne, ba shi da gudu, ba shi da sulke.

An fara ƙera shi a Newport News ta jihar Virginia a watan Satumba na 1931, aka saka shi a ruwa ranar 25 ga Fabrairu 1933, ya kuma kama aiki ranar 4 ga Yuni 1934. Shi ne na farko da Amurka ta tsara tun daga tushe domin ya ɗauki jiragen sama, saboda Langley asalinsa jirgin jigilar kwal ne aka juya shi, Lexington da Saratoga kuma an fara gina su ne a matsayin manyan jiragen igwa kafin a sauya musu fasali. Ra'ayina shi ne an yi wa Ranger rashin adalci, domin ana auna shi da yaƙin da bai je ba, ana mantawa da wanda ya je, alhali wani ɓangare na aikinsa ya ratsa ta sararin samaniyar Kano da Maiduguri. Na san Injiniya yana da ta cewa, don haka na ba shi fage.

Injiniya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina da ta cewa kuwa, kuma zan fara daga lissafi, domin Ranger ɗan lissafi ne tun kafin ya zama jirgi. Yarjejeniyar Washington ta 1922, wadda manyan ƙasashe suka ƙulla domin taƙaita jiragen ruwan yaƙi, ta ƙayyade wa Amurka tan 135,000 na jiragen dako gaba ɗaya. Lexington da Saratoga sun cinye tan 33,000 kowanne, saura tan 69,000. Hafsoshin ruwa suka tsaya kamar telan da aka ba yadi ƙayyadadde, suna shawara ko a ɗinka manyan riguna uku ko ƙanana biyar, a ƙarshe suka zaɓi biyar masu tan 13,800 kowanne. Ranger ne na farko a cikin biyar ɗin, kuma shi ne na ƙarshe, domin ba a sake gina irinsa ba.

Wannan kaɗai ya isa hukunci. An kafa tushen Yorktown, mai kusan tan 20,000, a watan Mayu na 1934, wato makonni kaɗan kafin Ranger ya kama aiki, abin da ke nuna cewa rundunar da ta yi odarsa ta riga ta dawo daga rakiyar tsarinsa tun bai yi ko da tafiya ɗaya ba. Domin a cusa jiragen sama fiye da saba'in a cikin ƙaramin jiki, sai da aka sadaukar da kusan komai. Gudunsa bai wuce kilomita 54 a awa ba, alhali Yorktown yana kaiwa 60. Ba shi da kariyar kirki a ƙasan ruwa, ba a kuma tanadar masa ma'ajiyar makamin tofido ba a farko, wato makamin da ke gudu a ƙarƙashin ruwa ya fasa jirgi, wanda shi ne ya fi nutsar da manyan jirage a wancan zamani. Idan teku ta yi tsanani, jikinsa yakan yi ta tashi da faɗuwa har tashin jirage da saukarsu su yi wuya. Ban ce mutanen da suka yi aiki a cikinsa ba su yi ƙoƙari ba, amma ƙirar kanta kuskure ce.

Maman Hanifa:
Injiniya, ina da tambaya biyu. Na ga hoton jirgin, na kuma lura da waɗansu bututai guda shida a bayansa, uku a kowane gefe, waɗanda ban gani a jikin sauran ba. Mene ne amfaninsu? Ta biyu kuma, tunda waɗanda suka tsara shi ba jahilai ba ne, wane dalili ne ya sa suka ga ƙanana biyar sun fi manya uku?

Injiniya Mai Ritaya:
Hajiya, bututan hayaƙi ne, kuma ana iya kwantar da su a gefe idan jirage za su tashi ko za su sauka. An tsara Ranger ne da shimfiɗaɗɗen dandamali wanda babu komai a kansa, saboda matuƙan lokacin suna tsoron duk wani gini da zai tsaya musu a hanya ko ya dagula iska, sai aka rasa inda za a fitar da hayaƙin tukwanen injin in ba ta gefe ba. Ana cikin gini aka gane cewa ba za a iya sarrafa jirgin da zirga-zirgar jiragen sama ba tare da hasumiya ba, aka ƙara masa ƙarama a gefen dama, bututan kuma suka zauna yadda suke.

Game da tambaya ta biyu, dalilinsu yana da ma'ana a takarda. Suna ganin bom ɗaya tak idan ya huda dandamali ya tsayar da aikin jirgin ko babba ne ko ƙarami, don haka gara a sami dandamali da yawa. Matsalar ita ce an yanke wannan shawara kafin a ga abin da Lexington da Saratoga za su iya, domin su ma sai ƙarshen 1927 suka kama aiki. Da aka fara atisaye da su aka ga cewa girma yana kawo gudu da juriya da yawan man jirage, amma lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe a kan Ranger.

Ɗan Zango:
Ni daga Akra nake bibiyar wannan magana, kuma abin da ya ja hankalina shi ne zuwansa gaɓarmu. Ranar 22 ga Afrilu 1942 Ranger ya bar Quonset Point a jihar Rhode Island ɗauke da jiragen yaƙi samfurin P-40 guda 68 na sojojin ƙasa na Amurka, ranar 10 ga Mayu kuma suka tashi daga kansa a tsakiyar teku suka sauka a Akra, lokacin ana kiran ƙasar Gwalkwas. Ya koma ya sake ɗebo guda 72, suka tashi ranar 19 ga Yuli. Abin lura shi ne P-40 ba domin aiki a kan jirgin ruwa aka yi shi ba, ba shi da ƙugiyar da jiragen sojojin ruwa suke kama waya da ita idan za su sauka, saboda haka wanda ya tashi ya tashi ke nan, ko ya kai tudu ko ya faɗa ruwa. Matuƙan kuma sojojin ƙasa ne da suka saba da dogon fili, aka ce su tashi daga dandamalin da tsawon jirgin dukansa bai wuce mita 234 ba, wani ɓangarensa ma cike da sauran jiragen da ke jiran layi. Malam, ina so ku yi mana bayanin inda suka nufa daga nan, domin na san ba a Akra suka tsaya ba.

Tsohon Malami:
Madalla da wannan, Ɗan Zango. A nan ne maganar ta zo gida. Tun da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yuni na 1940, Bahar Rum ta zama hanya mai haɗari ga Birtaniya, zagayawa ta kudancin Afirka kuma tana cin makonni masu yawa. Sai Ingilishi suka buɗe hanyar sama a watan Satumba na 1940, wadda ta tashi daga Takoradi ta bi Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena ta yau, El Geneina, El Fasher, Khartum, har Alƙahira. Da ba don gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agusta na 1940 ba, da hanyar ta yanke a tsakiya. Dubban jirage sun bi ta, kuma Jamusawa sun san muhimmancinta, har suka aiko da jirgi guda ya ratsa Sahara ya jefa bom a ma'ajiyar mai ta Fort Lamy a watan Janairu na 1942.

Yawancin jiragen da ke bin hanyar a cikin akwatunan katako ake kawo su Takoradi, a fitar, a harhaɗa, a gwada, sannan su tashi, kuma wannan yana cin lokaci. Jirgin dako kuwa yana kawo su a shirye tare da matuƙansu. Ingilishi sun riga sun yi haka da jirginsu Furious a 1940 da 1941, Ranger kuma ya yi wa Amurka. Rukunin farko na watan Mayu an nufi Indiya da Sin da shi, domin a cike giɓin jiragen da ke fuskantar Japan a can. Rukuni na biyu shi ne runduna ta 57 ta jiragen yaƙin Amurka, kuma ku dubi lokacin da ta iso: Tobruk ta faɗi ranar 21 ga Yuni, kwamandan Jamus Rommel yana El Alamein ta Masar yana hangen Iskandariya, Birtaniya tana neman ɗauki ko ta halin ƙaƙa. Wannan runduna ta ratsa Afirka, ta shiga yaƙin El Alamein na watan Oktoba, kuma ita ce a ranar 18 ga Afrilu 1943 ta afka wa ayarin jiragen jigilar Jamus a kusa da Cape Bon a Tunisiya ta kakkaɓo da yawa daga cikinsu. Wanda ya ce Ranger bai yi tasiri ba, sai ya fara cire wannan daga lissafi.

Injiniya Mai Ritaya:
Malam, ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma ku lura cewa abin da kuka kwatanta aikin dako ne. Ba a kashe wa jirgin yaƙi kuɗin da aka kashe wa Ranger domin ya zama motar haya tsakanin Rhode Island da Akra. A watan Nuwamba na wannan shekarar, Chenango, wanda tankar mai ce aka ɗora mata dandamali, ya kai jiragen P-40 gaɓar Maroko, suka kuma tashi daga kansa lafiya. Idan tankar da aka yi wa kwaskwarima za ta iya aikin, to aikin ba hujja ba ne a kan nagartar ƙirar Ranger. A makonnin da yake kai-komo a Atlantika ne aka yi yaƙin Tekun Coral da na Midway, inda Amurka ta rasa Lexington da Yorktown.

Baban Sadiq:
Yallabai Injiniya, a yi mini afuwa in shigo a nan, domin akwai batun lokaci da bai kamata a tsallake ba. Chenango da 'yan'uwansa uku, Sangamon da Suwannee da Santee, sai a watannin Agusta da Satumba na 1942 suka kama aiki a matsayin jiragen dako. A watan Afrilu, lokacin da ake buƙatar kai jiragen farko, ƙananan jiragen dakon da Amurka take da su a hannu ba su wuce Long Island da Charger ba, kuma dukansu masu tafiyar hawainiya ne a shekarar da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka fi yin ɓarna a Atlantika. Gudun da kuka raina na kilomita 54 ya fi ƙarfin kowane jirgin ƙarƙashin ruwa na wancan zamani nesa ba kusa ba, kuma wannan gudu shi ne sulkensa a wannan teku.

Misalin abin da kan faru idan aka ba mai rauni wannan aiki yana nan a tarihi. A ƙarshen Fabrairu 1942 an ɗora wa tsohon Langley jiragen P-40 guda 32 domin ya kai su tsibirin Java, jiragen Japan suka same shi a hanya, aka yi asarar jirgin da kayan duka. Sannan ba Ranger kaɗai aka sa dako ba: Wasp, wanda ya fi shi sabunta, ya kai wa tsibirin Malta jiragen Spitfire sau biyu a watannin Afrilu da Mayu na 1942, kuma ban ji wanda ya kira shi motar haya ba.

Maman Hanifa:
Na fahimci wannan ɓangare. Amma an ambaci Maroko, kuma a nan ne kaina yake ɗaurewa. Na karanta cewa yaƙi na farko da Ranger ya yi da gaske da Faransawa ya yi shi, ba da Jamusawa ba. Ta yaya Amurka, wadda ta zo da sunan ceton Faransa, ta fara da jefa wa sojojin Faransa bama-bamai a Kasablanka? Malam, ku warware mana wannan.

Tsohon Malami:
Hajiya, bayan faɗuwar Faransa a 1940, gwamnatin Vichy ta Marshal Pétain, wato gwamnatin Faransa da ta yi sulhu da Jamus, ita ce ke riƙe da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Afirka ta Yamma ta Faransa, kuma umarnin da sojojinta suke da shi shi ne su kare waɗannan yankuna daga duk wanda ya zo. Sojojin ruwansu musamman suna da ciwon abin da Ingilishi suka yi musu a Mers el-Kébir a watan Yuli na 1940, inda aka kashe musu mutum fiye da dubu. Amurka ta yi fatan za a buɗe mata ƙofa, amma da asubahin 8 ga Nuwamba 1942, da sojojin Janar Patton suka fara sauka a Fedala da Safi da Mehdia, wuta aka buɗe musu.

A wannan farmaki, wanda aka sa wa suna Torch, Ranger ne kaɗai babban jirgin dakon Amurka a gaɓar Maroko, tare da waɗancan tankokin mai huɗu da Baban Sadiq ya lissafa. Babu wani filin jirgin sama na ƙawance da ke kusa da zai iya ba da kariya sosai, don haka inuwar da dubban sojoji suka sauka a ƙarƙashinta daga kan waɗannan jirage ta fito, kuma kaso mafi tsoka daga Ranger. A cikin kwana uku jiragensa sun yi tashi 496 na yaƙi, ya rasa 16 daga cikinsu. Jiragen yaƙinsa samfurin Wildcat sun kai hari filayen Rabat da Cazes, inda wani abin mamaki ya faru, domin waɗansu daga cikin jiragen da Faransawa suka taso da su samfurin Curtiss Hawk ne da suka saya daga Amurka kafin faɗuwarsu.

A tashar Kasablanka akwai babban jirgin igwa Jean Bart, wanda ba a gama gininsa ba amma rukunin manyan bindigoginsa guda ɗaya yana aiki. Jirgin igwa na Amurka mai suna Massachusetts ya harbe shi a rana ta farko har rukunin ya maƙale, Amurkawa suka ɗauka ya mutu. Faransawa suka gyara shi a ɓoye, ranar 10 ga wata ya buɗe wuta a kan Augusta, jirgin da kwamandan rundunar, Admiral Hewitt, yake ciki. Jiragen Dauntless na Ranger, masu jefa bom, su ne suka zo suka same shi da manyan bama-bamai biyu, daga nan bai ƙara harbi ba. A wannan ranar ce kuma wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Faransa ya harba wa Ranger tofido ya kuskure. Washegari, 11 ga Nuwamba, aka tsagaita wuta bisa umarnin Admiral Darlan, babban kwamandan sojojin Vichy, daga birnin Aljiyas na Aljeriya, bayan ɗaruruwan Faransawa sun mutu a yaƙin da bai kamata a yi shi ba.

Ɗan Damagaram:
Malam, a ƙara da abin da wannan ya jawo a wajenmu. Nijar tana ƙarƙashin Vichy tun 1940, Najeriya kuma tana hannun Ingilishi, don haka iyakar da ke tsakanin Damagaram da Kano, da wadda ke tsakanin Maraɗi da Katsina, ta zama iyakar ɓangarori biyu masu zaman doya da manja. Haka Togo ta Faransa da Dahomey, waɗanda ke tsakanin Akra da Legas, suna hannun Vichy a lokacin da waɗancan jiragen P-40 suka wuce. Makonni biyu bayan saukar Amurkawa a Maroko, gwamna janar Pierre Boisson da ke Dakar ya bi bayan Darlan, Afirka ta Yamma ta Faransa duka ta koma ɓangaren ƙawance ba tare da an yi yaƙi a cikinta ba. Ban ce Ranger ne ya yi wannan shi kaɗai ba, amma yana cikin abin da ya sa saukar ta yi nasara da sauri.

Injiniya Mai Ritaya:
Na yarda cewa Kasablanka ita ce ranar Ranger, sai dai ku dubi abokin karawar: runduna ce da aka yanke ta daga ƙasarta shekara biyu, mai ƙarancin mai da kayan gyara, wadda shugabanninta ma ba su gama yanke shawarar ko su yi yaƙin ba. Kuma Malam da kansa ya faɗi cewa an kuskure shi da tofido. Da an same shi, da yanzu wata magana muke yi.

Ga hujjar da na fi dogara da ita. A ƙarshen Oktoba 1942, bayan yaƙin Santa Cruz, an nutsar da Hornet, Wasp ya riga ya nutse, Saratoga yana wurin gyara, Enterprise ne kaɗai ya rage wa Amurka a kudancin Fasifik, shi ma da rauni a jikinsa. Babu lokacin da Amurka ta fi buƙatar jirgin dako kamar wannan. An gama aikin Maroko a tsakiyar Nuwamba, Ranger ya koma Norfolk lafiya lau. Me aka yi? Sai Amurka ta roƙi Birtaniya aron jirgi, aka ba ta Victorious, wanda ya yi aiki tare da Saratoga a 1943, Ranger kuwa aka mayar da shi dakon P-40 zuwa Kasablanka a watannin Janairu da Fabrairu. Mutumin da yake da abu a ɗakinsa amma ya tafi aro a maƙwabta a ranar tsananin buƙata ya riga ya faɗa maka darajar abin da ke ɗakin. Kada kuma a ce ƙanƙanta ce kawai, domin jiragen samfurin Independence sun fi shi ƙanƙanta, amma da yake suna da gudu sun yi yaƙin Fasifik daga 1943 har ƙarshe.

Baban Sadiq:
Wannan hujja tana da ƙarfi, Yallabai, ba zan ɓoye ba. Amma labarin Wasp yana iya juya ta. An gina Wasp ne da ragowar tan ɗin yarjejeniya, kusan 14,700, shi ma da ƙarancin kariya a ƙasan ruwa. An tura shi Fasifik a tsakiyar 1942 saboda matsi, ranar 15 ga Satumba kuma jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan mai lamba I-19 ya same shi da tofido uku, wuta ta kama man jiragen sama, a wannan ranar ya nutse. Hafsoshin da suka ga haka suka ƙi maimaitawa da Ranger. Wannan yana tabbatar da raunin ƙirar kamar yadda kuka ce, amma yana kuma nuna cewa an san inda jirgin zai yi amfani aka ajiye shi a can. Atlantika tana buƙatar babban jirgin dako ko da guda ɗaya ne, kuma da babu Ranger, da sai an cire Enterprise ko Saratoga daga gaban Japan domin a rufe saukar Maroko, ko kuma a yi ta da waɗancan tankokin mai kaɗai.

Tsohon Malami:
Abin da ya biyo baya a 1943 ma yana goyon bayan Baban Sadiq. A watan Agusta Ranger ya isa Scapa Flow a arewacin Sikotilan ya shiga rundunar gida ta Birtaniya, domin an kwashe jiragen dakon Ingilishi zuwa Bahar Rum saboda yaƙin Italiya, alhali babban jirgin Jamus Tirpitz yana laɓe a arewacin Norwe. Wato aron ya tafi ta ɓangarori biyu. Ranar 4 ga Oktoba, ƙarƙashin jagorancin Admiral Bruce Fraser, jiragensa suka kai hari kan jiragen ruwan Jamus a yankin Bodø, a hanyar gaɓar da ake bi da ƙarfen tama daga Narvik da kuma kayan sojoji zuwa arewa. Rukuni na farko Dauntless 20 ne da Wildcat 8, na biyu Avenger 10 da Wildcat 6. Sun nutsar da jirage da dama sun lalata waɗansu, bindigogin kakkaɓo jirage sun harbo musu uku, da yamma kuma Wildcat ɗinsa suka kakkaɓo jiragen leƙen asirin Jamus biyu da suka biyo rundunar. Jamusawa ba su zaci harin ba, domin an daɗe ba a kai musu irinsa daga jirgin dako a wannan gaɓa ba. Bodø tana can cikin yankin ƙanƙara na arewa, kuma Ranger ne jirgin da Amurka ta yi gwajin tashin jirage cikin tsananin sanyi da shi a Alaska tun 1936.

Injiniya Mai Ritaya:
Hari ɗaya ne na yini ɗaya, Malam, kuma an kai shi ne bayan ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa na Birtaniya sun raunata Tirpitz a watan Satumba, wato bayan an cire babban haɗarin. Daga Janairu 1944 aka mayar da Ranger jirgin horo. Admiral King, shugaban sojojin ruwan Amurka, ya so a tsawaita jikinsa a sa masa sababbin injina, amma sashen da ke kula da gina jirage ya nuna cewa aikin zai jinkirta sababbin jiragen da ake ginawa, aka janye maganar. A lokacin jiragen samfurin Essex masu tan 27,000 suna fitowa ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙarshen 1942, babu mai hankalin da zai tsayar da su domin ya yi wa kuskuren 1920 da wani abu faci. Matsayina bai sauya ba: jirgin ya yi aiki, amma ƙirarsa ba ta cancanci yabo ba.

Maman Hanifa:
Kamar yadda nake gani, Injiniya yana hukunta waɗanda suka zana jirgin ne, Malam kuma yana hukunta waɗanda suka yi amfani da shi, shi ya sa kowa yake da gaskiya a fagensa amma ba ku haɗu ba. Abin da ya rage mini shi ne batun horon. Wane irin horo ne, kuma ina jirgin ya ƙare?

Baban Sadiq:
Hajiya, kafin ya zauna ga horo gaba ɗaya ya yi dako na ƙarshe a watan Afrilu na 1944, inda ya kai jiragen P-38 guda 76 Kasablanka. Bayan haka aka ƙarfafa dandamalinsa a Norfolk, aka sa masa sabuwar na'urar cilla jirage da na'urorin rada, ya ratsa mashigin Panama a watan Yuli ya isa Pearl Harbor a watan Agusta. A can ya horar da matuƙa tashi da sauka da dare, wanda shi ne aiki mafi haɗari a kan jirgin dako, domin matuƙi yana neman ɗan dandamali mai motsi a cikin duhu da ƙarancin fitilu. Daga Oktoba ya koma gaɓar Kalifoniya, ya ci gaba da karɓar sababbin matuƙan da dole ne kowannensu ya yi sauka ta gwaji a kan jirgi na gaske kafin a tura shi kan Essex ko Independence. Duk jirgin da aka ba wannan aiki an cire shi ke nan daga fagen daga, don haka zaman Ranger a kai ya bar wani sabo ya tafi yaƙi.

Cikin manyan jiragen dako bakwai da Amurka ta shiga yaƙin da su a watan Disamba na 1941, uku ne suka ga ƙarshensa: Saratoga da Enterprise da Ranger. An sallame shi daga aiki ranar 18 ga Oktoba 1946, a watan Janairu na 1947 kuma aka sayar da shi ga kamfanin Sun Shipbuilding da ke Chester a jihar Pennsylvania, aka yanka shi aka narkar da ƙarfen. Tauraron yabo biyu aka ba shi, ɗaya na Maroko ɗaya na Norwe, Enterprise kuwa ya sami ashirin.

Injiniya Mai Ritaya:
Biyu da ashirin, Malam. Ni dai ban ƙara komai a kai ba.

Tsohon Malami:
Ana ba da tauraron ne a kan shiga fagen daga, Injiniya, ba a bayar da shi a kan jirage 140 da aka sauke a Akra cikin wata uku, ba a kuma bayar da shi a kan matuƙan da suka koyi saukar dare. Idan za mu ci gaba, ina so mu ɗauki Wasp da kansa a mako mai zuwa, domin a kansa ne za a iya gwada maganarku da ta Baban Sadiq, tunda shi an tura shi inda aka hana Ranger zuwa.